Dillalan gidaje, ku ji tsoron Allah!

Wai dillalan Garwa me muka yi muku ne? Kafin a buɗe maka ƙofa sai ka biya kuɗin babur, ka shiga fenti bai ko bushe ba, an shafe tsagar bangon da ƙadangare zai kwana ciki da iyalinsa! Kwano duk tsatsa, dillali ya ce "Alhaji, ba ya yoyo." A watan Maris wane gida ne ke yoyo? Shatin ruwan Binuwai ga shi nan a katanga har gwiwa, wai yara ne. Masai ya cika, an rufe da tabarma. Takardar fili fa? Tana hannun wani magaji a Marwa, magadan kuwa gari guda, kowa da farashinsa, kowa da dillalinsa, kowane dillali yana jiran la'ada!