Kafin ka tura wa baƙo kuɗi a intanet, duba ta inda za su dawo

Tallan yakan zo da hotuna huɗu ko biyar na waya ko kwamfuta, farashin kuma ƙasa kaɗan da na kasuwa, daidai yadda zai ja hankali ba tare da ya tayar da zargi ba. Mai kayan yana amsa saƙo da wuri, yana da ladabi, har ya turo hoton katin shaidarsa tun ba a tambaye shi ba. Can sai ya ce akwai wani da ke ta damunsa a kan kayan, idan da gaske kake ka tura rabin kuɗin ya ajiye maka. A wannan gaɓar mai saye yakan tsaya yana auna mutumin, ko na kirki ne ko ɗan damfara. Wannan awon ɓata lokaci ne, domin daga nesa mai gaskiya da maƙaryaci kalma ɗaya suke rubutawa, hoton katin shaida kuwa sau da yawa na wani ne da aka damfara a baya aka karɓe nasa. Abin da ya kamata a auna shi ne hanyar biyan: idan kaya bai iso ba, wa ke da ikon ciro kuɗin daga hannun mai sayarwa ba tare da yardarsa ba? Idan babu kowa, to cinikin biri a sama ake yi, komai daɗin bakin mai birin.

Mutane da yawa suna ɗauka doka na bayansu kamar yadda take bayansu idan sun saya a hannun kamfani. Dokokin kare mai saye galibi an gina su ne a kan ɗan kasuwa mai rajista. A Tarayyar Turai, alal misali, wanda ya sayi kaya ta intanet yana da kwana 14 ya fasa ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba, amma wannan haƙƙi bai shafi mutumin da ke sayar da tsohuwar kwamfutarsa ba. Abin da ke kan irin wannan mai sayarwa bai wuce kayan ya zama nasa, ya kuma dace da yadda ya siffanta shi ba. Ko ya saɓa, sai ka san sunansa na gaskiya da inda yake kafin ka kai shi kotu, kuɗin shari'ar kuma kan iya ninka kuɗin kayan.

Hanyar da masu sayarwa suka fi so, wato tura kuɗi kai tsaye daga asusu zuwa asusu, ita ce ta fi barin mai saye a fili. Banki yana raba asara gida biyu. Akwai kuɗin da aka cira ba da saninka ba, kamar a sace katinka, wanda a ƙasashe da yawa banki ke da alhakin mayarwa. Akwai kuma kuɗin da kai da hannunka ka rubuta lambar asusu, ka sa lambar sirri, ka danna. A wurin banki wannan umarninka ne aka cika, yaudarar da ta sa ka ba da umarnin kuwa ba ya ganinta a na'urarsa. Ga kuma sauri: kuɗin na sauka cikin daƙiƙoƙi, kuma asusun da ya karɓa sau da yawa na haya ne, na wani da aka ba ɗan lada ya ba da aron sunansa. Kafin ka gane an yi maka sakiyar da ba ruwa, an rarraba kuɗin zuwa wasu asusun ko an cire shi tsaba. Zelle, hanyar tura kuɗi daga asusu zuwa asusu a Amurka, ta faɗa wa masu amfani da ita ƙarara cewa ba ta da kariyar mai saye, a yi amfani da ita tsakanin waɗanda aka sani. Kamfanonin aika kuɗi a karɓa a hannu ma haka suke, kuma a 2017 Western Union ya amince ya biya dala miliyan 586 a sasantawa da hukumomin Amurka kan gazawa wajen hana 'yan damfara amfani da shi. Kuɗin kirifto da katin kyauta (katin da ake saye da kuɗi a ciki, a tura wa wani lambarsa ya kashe) sun fi duka muni, don galibi babu ma ofishin da ke da mabuɗin juya su baya.

Birtaniya ta ɗan sauya wannan. Daga 7 ga Oktoba 2024 an wajabta wa bankunanta su mayar wa wanda aka yaudara ya tura kuɗi da kansa, har zuwa fam 85,000, bankin da ya aika da wanda ya karɓa su raba asarar biyu. A ganina wannan rabon shi ne hikimar dokar, domin bankin da ya buɗe wa ɗan haya asusu yanzu yana da abin da zai rasa. Sai dai ko a can, idan kayan ya iso amma bai yi maka ba, sun ɗauke shi saɓanin ciniki, dokar ba ta shiga.

Kati ya fi, saboda kuɗin kati yana da igiya. Dokokin Visa da Mastercard sun ba bankinka damar janyo kuɗi daga bankin mai sayarwa idan kaya bai zo ba ko ya saɓa wa siffarsa, galibi cikin kwana 120 daga ranar biya ko ranar da aka yi alkawarin isowa. Matsalar ita ce mutum ɗaya da ke sayar da abinsa ba shi da na'urar karɓar kati, sai an bi ta wani kamfani a tsakiya, a nan kuma ake yawan zamewa.

Ɗauki PayPal, wanda ya fi shahara a irin wannan ciniki. Yana da ƙofa biyu. Ɗaya sunanta Goods and Services, ta ciniki ce, ana cire wa mai sayarwa kusan kashi 3 cikin 100, mai saye kuma yana samun kariya. Ɗayar, Friends and Family, ta kyauta ce tsakanin 'yan'uwa da abokai, babu kariya ko ta sisin kwabo. Mai sayarwa zai ce ka bi ƙofa ta biyu don kada a ci kuɗinsa a banza, wani ma ya yi maka ragi. Duk wanda ya yarda ya shaida wa kamfanin da bakinsa cewa kyauta ya yi, ko da kati ya biya kuwa, hujjarsa a banki ta yi rauni, tunda aikin da aka biya shi ne tura kuɗi, kuma an tura. Abin yi a nan mai sauƙi ne: ka ce za ka ƙara kashi ukun daga aljihunka. Mai gaskiya bai rasa komai ba. Wanda ya ci gaba da kawo uzuri bayan an ɗauke masa cajin, ruwa ba ya tsami banza.

Shiga ƙofar da ta dace ma tsugune ba ta ƙare ba, don kariyar agogo gare ta. A PayPal ana buɗe ƙorafin rashin isowar kaya cikin kwana 180 daga ranar biya. Bayan an buɗe, kwana 20 ne kacal a ɗaga shi zuwa matakin da kamfanin zai yi hukunci, in ba haka ba ya rufe da kansa, rufaffen ƙorafi kuma ba ya sake buɗuwa. 'Yan damfara sun haddace wannan lissafi fiye da masu saye. Shi ya sa za ka ji yau ɗansa ba lafiya, gobe kamfanin aika kaya ne ya yi kuskure, jibi ka rufe ƙorafin tukuna don an riƙe masa asusu, da ka rufe zai mayar maka. Wannan na ƙarshen shi ne tarkon da ya fi kama masu tausayi. Ba a rufe ƙorafi sai kuɗi ya zauna a asusunka ka gan shi da idonka a cikin manhajar, saƙon imel da ke cewa an mayar ba hujja ba ne. Akwai kuma tsari tsakanin hanyoyin biyu: ba a bin PayPal da bankin kati lokaci ɗaya, kuma wanda ya fara da banki ya rufe wa kansa ƙofar PayPal. Don haka a fara da kamfanin, ana lura da kwana 120 na kati kada su ƙare ana jira. Motoci da filaye da gidaje ba sa cikin kariyar, haka ma ba a ƙorafin rashin isowa a kan kayan da aka ce an karɓa hannu da hannu.

Kasuwannin intanet da ke riƙe kuɗi har kaya ya isa su ma kowace da wa'adinta. A eBay kwana 30 ne daga isowar kaya ko ranar da aka ƙiyasta zai iso, mai sayarwa kuma yana da kwana 3 na aiki ya warware kafin a kira kamfanin. A Vinted kwana 2 ne kawai bayan an kawo, in ka yi shiru kuɗi ya tafi. A Facebook Marketplace, cinikin da aka ƙulla a saƙo aka biya ta wata hanya daban ba ya ƙarƙashin wata kariya ta kamfanin. Saboda haka jumlar da ta fi kowace tsada a wannan harka ita ce "mu koma WhatsApp mu ƙarasa". Da an fita, tattaunawar da za ta zama shaida ta fita daga idon mai hukunci.

Ga kaya mai tsada akwai masu riƙon amana: ka ba su kuɗi, mai kaya ya aiko, ka duba cikin wa'adin da kuka amince, sannan su sakar masa. Tsarin yana da kyau, sai dai jabunsa sun yi yawa. Ƙa'idar da ba ta da togaciya ita ce kada ka shiga shafin riƙon amana ko shafin biya ta mahaɗin da mai sayarwa ya turo. Shafin bogi yakan zo da tambari da launi iri ɗaya da na gaske, bambancin harafi ɗaya ne a adireshi. Ka rubuta adireshin da hannunka, ka ga cinikin ya bayyana a cikin asusunka na can.

Wanda zai yi hukunci tsakaninku bai san ku ba, takardu yake karantawa, don haka shaidar ana tara ta ne tun kafin biya. Ka ɗauki hoton tallan gaba ɗaya, domin ana goge shi da zarar kuɗi ya shiga. Ka yi tambayoyi a rubuce masu amsa ɗaya: an taɓa canza gilashin, batirin kashi nawa yake nunawa, akwai abin da ba ya aiki? "Tana nan lafiya lau" ba siffa ba ce da za a kama mutum da ita, amma "ba a taɓa buɗe ta ba" ana iya kamawa. Ka nemi sabon hoton kayan tare da takarda mai ɗauke da kwanan watan yau da wata kalma da kai ka zaɓa, ko kiran bidiyo a kunna abin a gabanka. Idan waya ce, ya danna *#06# lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lamba 15, ta fito, ka rubuta ta, ka gwada da wadda ta iso. Idan iPhone ce, ya fita daga asusunsa na iCloud kana kallo, don wayar da aka bari a kulle da asusun wani ba ta da amfani sai a kayan gyara. A aiko da lambar bin sawu, wato lambar da kamfanin aika kaya ke bayarwa don a ga inda kunshi ya kai, da sa hannu, kuma ka nemi rasit ɗin aikawa, wanda yawanci yake nuna nauyi. Kwamfutar da ya kamata ta kai kilo 2 ba za ta zo a kunshi mai giram 300 ba. Wannan rasit shi ke karya dabarar aika ambulan fanko zuwa wani gida a yankinku don na'ura ta nuna "an kai". Ranar da kaya ya iso, kunna kyamara tun kwalin yana rufe, a nuna takardar da ke manne da kowane gefe, a buɗe ba tare da yanke bidiyon ba.

Sunan asusu kuma a dube shi da kyau. Idan da wani kake magana, asusun kuma na "matata" ne ko "ƙanena", ka dakata. Akwai damfara mai kusurwa uku: ɗan damfara ya kwafi tallan wani mai gaskiya, ya ba ka asusun mai gaskiyar ka biya, shi kuma ya je ya karɓi kayan a matsayin wanda ya biya. Ƙarshenta mutum biyu da ba su cuci kowa ba ne ke rigima da juna.

Adalci ne a faɗi cewa mai sayarwa ma yana da abin tsoro. Akwai masu saye da ke karɓar kaya su ce bai zo ba, ko su mayar da lalatacce a madadin mai kyau, kamfanoni kuma sukan karkata ga mai saye. Saboda haka wanda ya ƙi hanyar da ke da kariya ba lallai ɓarawo ba ne. Amma tsoronsa yana da magani, wato lambar bin sawu da sa hannu da hoton lambar kayan kafin a rufe kwali. Tsoron mai sayen da ya tura kuɗi kai tsaye kuwa galibi ba shi da magani. Idan an kasa daidaitawa, abin da ya rage shi ne a haɗu a wurin jama'a da rana, a duba kaya, a biya nan take, ko kuma a haƙura da cinikin. Kafin alƙalami da ake cewa a fara turawa shi ma kuɗi ne, kuma wani ɗan damfarar abin da yake nema ke nan daga mutum ashirin a kan kaya ɗaya da babu shi.

Idan kuɗin ya riga ya tafi ta banki, awar farko ta fi mako guda na gaba daraja. A kira banki ta lambar da ke bayan kati, a ce damfara ce, a nemi su tuntuɓi bankin da ya karɓa ya riƙe abin da ya rage, a karɓi lambar ƙorafi. Sannan a kai rahoto ga 'yan sanda, a kai ƙarar asusun ga shafin da aka ga tallan, ba tare da an goge ko saƙo ɗaya ba. Bayan 'yan kwanaki wasu kan bullo su ce su ƙwararru ne a ƙwato kuɗin da aka sace, a biya su wani abu kaɗan su fara aiki. Sau da yawa lambar wayarka a hannun waɗanda suka karɓi na farkon suka same ta.