Ranar Da Na So Sayar Da Gidana Mai Taya

Motar dizal ce ta ɗaukar kaya, ƙirar 1996, wadda na mayar gida da hannuna. Na kafa mata ɗakin katako a baya, na jera faifan sola huɗu masu wat 100 a kan rufi, na sa batir biyu na cikin ɗaki, da inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida, da ƙaramin firji, da tankin ruwa mai cin lita 200. Shekara huɗu muna yawo da ita inda babu wayar wuta ko famfo. Sai gwiwata ta fara tsinuwa duk lokacin da zan hau tsanin shiga, na ce to, lokacin rabuwa ya yi.

A tallar da na rubuta na ce "lafiyarta ƙalau, tashi ɗaya take yi". Allah ya yafe mini.

Da wani dattijo ya ce zai zo gani, sai dabara ta faɗo mini. Ɗakin nan da rana tamkar tanda yake, don haka na kai motar ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya na ajiye ta kwana uku, don ya shigo ya ji sanyi. Ni da na shekara huɗu ina bin rana kamar ƙadangare, na manta cewa faifan sola ba ya cin abinci a inuwa. Ko ganye kaɗan ne ya rufe gefensa, ƙarfinsa faɗuwa yake yi, balle bishiya guda.

Dattijon ya iso cikin fararen kaya da takalmi sai ƙyalli. Na shiga nuna bajinta. Na kunna fitilu, na kunna fanka, na buɗe firji na ce ya sa hannu ya ji. Yana ta "Ma sha Allah". Yabon ne ya hau mini kai, na jawo butar lantarki mai wat 1,500 na jona a inbata. Wanda ya san harkar ya san buta irin wannan tana zuƙar sama da amp 125 daga batir mai bolt 12, kuma batirin dalma irin nawa ba a son a sauke cajinsa ƙasa da rabi. Inbata ta fara ƙara ƙiii-ƙiii. Ya tambaye ni mene ne, na ce ai sanarwa take yi ruwa ya kusa tafasa.

"To Malam, mu ɗan zaga da ita mu ji inji."

Na shiga gaba, na gyara zama, na murɗa makulli. Ƙas. Na sake. Ƙas, ƙas. Fitilun gaban sitiyari suka lumshe kamar mai jin barci. A ƙa'ida batirin inji daban yake da na ɗaki, akwai makunni a tsakani don kada firji ya shanye wutar tashin mota. Amma makon da ya wuce na haɗe su da wayar jona batir saboda wata lalura, kuma wayar tana nan daram a maƙale. Butar ta shanye gida, ta shanye inji.

"Ranka ya daɗe, turi kaɗan take so."

Bawan Allah ya naɗe hannun riga, muka sa kafaɗa. Ko motsi. Mota da ɗaki da gado da batura, ga ruwa cike da tanki, kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce, wato kilo 200 na ruwa kawai muke turawa. Na ce bari in zubar da shi mu rage nauyi. Na durƙusa na laluba ƙarƙashin bodi, hannuna ya kama famfo, na murɗa da ƙarfi.

Famfo biyu ne a wurin. Ɗaya na ruwan sha, ɗaya na tankin da ruwan wanke-wanke da na wanka ke taruwa, wanda rabona da zubar da shi ya kai kwana goma. Bututunsa kuwa yana kallon daidai inda dattijon yake tsaye.

Bai yi ihu ba, wannan ne ma ya fi tayar mini da hankali. Ya dubi takalminsa, ya dubi bakin wandonsa da ya koma ruwan toka, ya dube ni, ya ce, "Malam, wannan ma sanarwa ce?"

Na ba shi silifas ɗina ya tafi da su. Ni kuwa na kwana a duhu, ba fanka, firji na ɗiga, ga warin da ya hana ni buɗe taga. Da safe sai da wasu samari shida suka taya ni fito da ita rana.

Wajen la'asar batir ya ɗan farfaɗo, na sa wayata a caji, sai ga kiransa. Gabana ya faɗi don murna. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, sannan ya ce faifan solar nan huɗu, ko zan kwance in sayar masa su kaɗai? Silifas ɗin kuma ya ce sun yi masa daidai.