Baba, ba sa faɗa

Jiya da magariba ɗana ya shigo gida, ya jefar da jakar makaranta ya wuce ɗaki. Sai da uwarsa ta matsa masa sannan ya ce 'yan sanda sun sake tare shi a tashar jirgin ƙasa. Sun ce ya fito da takardunsa, sun sa shi ya dafa bango, sun lalube aljihunsa a bainar jama'a. Abokinsa farar fata yana tsaye a gefe, ko kallonsa ba su yi ba. Karo na uku ke nan tun da aka koma makaranta. Na ce, "Me suka ce ka yi?" Ya ce, "Baba, ba sa faɗa."

Ni da girmana na zo Faransa daga Damagaram, na saba haɗiye irin wannan ina cewa ai baƙo sai haƙuri. Shi kuwa nan aka yanke cibiyarsa, ba shi da wata ƙasar da ta wuce wannan.

Faransawa da kansu sun san abin, har suna gare shi: contrôle au faciès, wato tare mutum saboda kamannin fuskarsa. Tsakanin 2007 da 2008 masu bincike sun tsaya a tashoshin jirgin ƙasa na Gare du Nord da Châtelet cikin Paris suna ƙirga waɗanda ake tarewa, rahotonsu ya fito a 2009. Suka tarar yiwuwar a tare baƙar fata ta ninka ta farar fata kusan sau 6, ta Balarabe kuma kusan sau 8. A 2017 hukumar kare haƙƙin jama'a ta ƙasar, lokacin Jacques Toubon na shugabantarta, ta ce saurayin da ake gani baƙar fata ne ko Balarabe ya fi sauran mutane fuskantar wannan tarewa sau 20. Kotun ƙoli ta kama gwamnati da laifi kan irin wannan tarewa a 2016. To me ya sauya a tashar da ɗana ke hawa jirgi?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin ba ya barin sawu. Idan ba a same ka da komai ba, sai a miƙo maka katinka a ce ka tafi, ba wata takarda da za ta nuna an taɓa tsayar da kai. Hukumar binciken kuɗin gwamnati ta ƙiyasta cewa a 2021 kaɗai an yi irin wannan duba takardu kusan sau miliyan 47. Gobe ka kai ƙara, a ce ina hujjarka. A Ingila wanda aka caje yana da haƙƙin karɓar shaidar cajin a rubuce. A nan François Hollande, wanda ya zama shugaban ƙasa, ya yi alkawarin magance matsalar lokacin yaƙin zaɓen 2012, aka yi ta maganar bayar da rasit, da suka hau mulki maganar ta bi ruwa.

Akwai masu ce mini in yaro ba shi da laifi me zai sa ya ji tsoro. Su tuna Zyed Benna da Bouna Traoré, ɗaya shekara 17, ɗaya 15. A watan Oktoban 2005 a Clichy-sous-Bois da ke wajen Paris suka ga 'yan sanda suka ruga, ba su yi komai ba, suka ɓuya a gidan taransifoma, wutar lantarki ta kashe su. Yaron da ake wulaƙantawa kullum, ƙafarsa ce ke yanke shawara kafin kansa. Shi ya sa kowace safiya uwar ɗana take bin sa har bakin ƙofa tana cewa, "Ko me za su yi maka, kada ka gudu."

Ba na gaba da ɗan sanda. Ranar da ɓarawo ya shigo mini gida shi zan kira. Rasit nake nema, mai ɗauke da rana da wuri da dalili.

Yau da safe na sayo wa ɗana ƙaramin littafi. Na ce duk ranar da aka tare shi ya rubuta lokaci da wuri da lambar nan mai alƙaluma bakwai da doka ta wajabta wa kowane ɗan sanda ya maƙala a rigarsa. Ya juya littafin a hannunsa, ya ce, "Baba, na jiya ma in sa?" Na ce ya fara daga na farkon.