Ranar da na ciji pil a gaban Liman

Tun da hoton nan nawa da pil ɗin kyamara a baki ya gama zagaya gurup ɗin dangi har ya iso fadarmu, gara ku ji zancen daga bakina.

Ɗiyar Yaya da ke karatu a Yamai ce ta zuga ni. Wai ƙananan kyamarorin nan na da su ne yayi yanzu, ƴan TikTok rububinsu suke don hotonsu na da wani launi da salula ba ta bayarwa. Ran Litinin na shiga babbar kasuwa wajen masu kayan Kwatano, na tsinci guda cikin kwali ɗaya da tsofaffin rimot. Ya ce jika 20, muka tsaya a 12. Katin memwar ɗina mai giga 32 ta ƙi shi ƙememe. Mai gyara ya ce ƴar 2005 ce, manyan katuna sai 2006 suka fito, ita iyakarta giga 2. Ya tono mini mai giga 1 cikin gwangwanin kusoshi, jika 2. Pil biyu take ci, irin na ƙaramar rediyo, na saya wajen mai tebur dala 40. Na gwada ta kan akuyar Inna, hoto ya fito tas. Shi ke nan, na zama mai hoto.

Sai ga sunan ɗan ƙanena, can unguwar Zariya. An raɗa suna, an shafa fatiha, ana rabon goro da dabino, dattawa na zaune lafiya lau kan tabarminsu. Ba wanda ya aike ni. Ni na miƙe na ce, "Allah gafarta Malam, a taimaka a tsaya a yi hoton tarihi." Tarihi fa na ce. Liman ya tashi. Mai unguwa ya tashi. Kawu, da ko salla a zaune yake yi saboda gwiwa, mutum biyu suka ɗaga shi suka jingina shi da sandarsa. Na jera su har sahu biyu, ina cewa wannan ya matsa, wancan ya gyara hula.

Na kunna. Idonta ya fito a hankali yana ziiii, jama'a suka yi tsit, har wani yaro ya ce "kai!" Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na danna. Ba komai. Wata ƴar fitila ruwan goro ta kama ƙyaftawa, ashe filas take tara wa wuta. Na ce a ɗan ƙara haƙuri. Liman na riƙe da murmushinsa kamar mai riƙe da kwanon miya mai zafi. Na sake dannawa. Sai idon ya ja baya, ya tsaya rabi, kamar kunkurun da ya ji motsi, allon ya rubuto wani abu ya mutu. Rubutun kuma Jamusanci ne. Wanda ya mallake ta da farko can ya bar ta, ni kuwa ranar akuya ban kula ba.

Kawu ya ce, "An yi?"

Na ce, "Saura kaɗan, Kawu."

To a nan ne hankalina ya bar jikina. Kun san yadda muke yi wa pil ɗin rediyo muna yara in ya yi sanyi ana tsakiyar labarai. Na buɗe murfi, na zazzage su, na murza a tafin hannu, na goga a riga. Sannan na sa guda a baki na cije. Gaban Liman. Gaban mai unguwa. Gaban surukan ƙanena da suka taso tun daga Tibiri. Na cije na biyun ma, don kada a yi rashin adalci.

Kuma ta kunnu! Sai dai cire pil ɗin ya sa ta mance kwanan wata, ta tsaya sai na gaya mata shekara da wata da awa, da Jamusanci. Ina ta danne-danne zufa na sauka cikin idona. Da ƙyar ta saki hanya, na ɗaga na danna, ita kuma ba ta ɗauka nan take, sai ta yi nazari. Kafin ta yanke shawara Kawu ya sulale ƙasa, Liman ya juya yana amsa gaisuwa, maroƙi ya gitta. Filas ya tashi fau, ta mutu mutuwar da ba cizo.

Duk wannan da na shanye, ba don mutumin nan ba. Kun san shi, mai jallabiya ruwan ƙasa. Shi ne ya ɗaga murya ya ce, "Ko a kira mai hoton katin ɗan ƙasa?" Aka fashe da dariya har cikin gida wajen mata. Mutumin da ya ari famfon babur ɗina tun Sallar layya ta bara waccan. Mutumin da in an zo karo-karon sukari a fada sai salularsa ta yi ƙara. Shekara nawa yana shan shayinmu, kofin farko kuma yake jira, bai taɓa kawo ko gawayi ba. Ranar ɗaurin auren ƙanena da kansa ya zo bayan an watse, ya tambayi ina nasa goron. Wannan ne ya sami bakin magana. Kuma shi ya zaro Tecno ɗinsa mai fasasshen gilas ya ɗauke ni, pil a baki, ido a waje. Dattawan da na jera bai ɗauke su ba. Ni ya ɗauka. Da na ce ya goge sai ya ce ai na tarihi ne.

Na koma wajen mai gyara. Ya ce laifin pil ne, na tebur ba su iya ba da wuta mai yawa lokaci guda, ita kuwa ga injin ido ga allo ga filas. Waɗanda na cije ɗin ma wai za su iya riƙe rediyo. Sai in sayi masu caji da cajarsu, kuɗin ya kusa na kyamarar. Ya sa katin a kwamfuta, hoto biyu ne ciki. Na suna: ƙeyar maroƙi, rabin rawanin Liman, da wani yaro a gefe idonsa jawur kamar na aljani, ƙasa an buga 2005. Ɗayan na akuya ne, kuma tsakani da Allah akuyar ta yi kyau.

Ɗiyar Yaya ta aiko wai in ba na so in ba direba ya kai mata. Ban amsa ba tukuna. Famfon ma har yanzu bai maido ba.