Gurbin da aka saya ba ya dawo wa gari da ƙungiyarsa

Duk sanda aka ce a Najeriya za a dawo wa wani gari da ƙungiyar ƙwallonsa ta ƙwararru, hanyoyin da ake nufi ba su wuce biyu ba. Ko dai gwamna ya yi alkawari ya saki kuɗi, ko wani mai hali ya nemo ƙungiyar da ta gaji a wani gari ya sayi gurbinta a gasar Firimiya, a sake mata suna da riga, washegari a buga ganga a ce ƙwallo ta dawo. Ni kam tun da zama ya kawo ni Ingila, na ga yadda mutanen nan suka yi da ƙungiyoyinsu da suka mutu ko aka ƙwace musu, na daina kiran ko ɗaya daga cikin biyun nan da sunan dawowa.

Wimbledon unguwa ce a kudu maso yammacin Landan. Ƙungiyarta ta ɗauki Kofin FA a 1988, ta doke Liverpool da ci 1-0 a Wembley, a lokacin da Liverpool ke tashen da ba mai iya tunkararta. A 1991 ta bar filinta na Plough Lane ta koma zaman haya a filin Crystal Palace, kuma daga nan rauni ya shige ta, domin ƙungiyar da ba ta da filin kanta kowa na iya ɗaukarta ya kai inda ya ga dama. Haka kuwa aka yi. A watan Mayun 2002 kwamitin mutum uku da hukumar ƙwallon Ingila ta naɗa ya amince, biyu suka rinjayi ɗaya, a kwashe ƙungiyar zuwa Milton Keynes, sabon gari mai nisan kusan kilomita 90, mai jama'a da kuɗi, wanda ba shi da ƙungiya a rukunin ƙwararru. A 2004 aka sake mata suna MK Dons. Kwamitin har ya rubuta a rahotonsa cewa sake tayar da wata ƙungiya a Wimbledon ba shi ne maslahar ƙwallo ba.

Magoya baya ba su tsaya kuka ba. Kwana biyu da yanke hukuncin suka kafa AFC Wimbledon, ba su da fili, ba su da koci, ba su da ɗan wasa ko ɗaya. Suka yi shela cewa duk mai jin ya iya taka leda ya zo dandalin Wimbledon Common a gwada shi, mutum sama da 200 suka hallara. Suka fara daga rukuni na 9 a tsanin gasannin Ingila, inda 'yan wasa ke zuwa atisaye da yamma bayan sun tashi daga wurin aiki. Wasansu na farko, na sada zumunta ne da Sutton United, mutum fiye da 4,500 suka je kallo. Cikin shekara tara suka haura matakai biyar, a 2011 suka doke Luton a bugun fenariti suka koma rukunin ƙwararru. Sai a watan Nuwamban 2020 suka buga wasa a sabon filinsu, a kan titin Plough Lane ɗin dai, 'yan taku kaɗan daga inda tsohon yake. Da kuɗin gini ya gaza, magoya baya ne suka ba ƙungiyar rancen sama da fam miliyan 5 daga aljihunsu, don kada a miƙa ragamarta ga wani attajiri.

Na je filin nan. Ƙarami ne, bai kai na mutum 10,000 ba, benayen gidajen kwana sun kewaye shi har ba ka ganinsa sai ka zo bakin ƙofa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen da ke aiki a wurin ranar wasa. Dattijuwa mai furfura tana sayar da ɗan littafin jerin 'yan wasa, wani magidanci da ɗansa suna nuna wa baƙi kujerunsu, duk da gyale mai launin shuɗi da rawaya a wuya, kuma da ganin yadda suke ɗaga shara daga ƙasa ka san ba ɗan haya ne ke yi ba. Ƙungiyar magoya baya da ake kira Dons Trust ita ke riƙe da mafi rinjayen hannun jari. Kowane memba yana biyan kuɗin shekara, kowa ƙuri'arsa ɗaya, su suke zaɓen shugabanni, kuma ba a sayar da ƙungiyar ko filinta sai sun yarda.

Kada wani ya ɗauka ina cewa Ingila ta iya riƙon amana ne. Ba ta iya ba. Hukumarta ce ta bari aka yi wa Wimbledon wannan ƙwace, kuma a gabanta Bury ta mutu. Bury, da ke arewacin Manchester, an kafa ta a 1885, ta ci Kofin FA a 1900 da 1903. Bashi ya yi mata katutu, a ƙarshen 2018 aka sayar da ita a kan fam 1, 'yan wasa da ma'aikata suka yi watanni ba albashi, ranar 27 ga Agustan 2019 aka kore ta daga gasar ƙwararru. A ranar da aka kore ta ɗin ma, mutanen gari suna cikin filin Gigg Lane da tsintsiya da bokiti suna wanke kujeru, da fatan za a yi wasa ranar Asabar. Bayan haka magoya bayan suka dare gida biyu: wasu suka kafa sabuwar ƙungiya suna wasa a filin aro, wasu suka tsaya kai da fata sai sun sayo Gigg Lane. An sayo shi a 2022, da gudummawar fam miliyan 1 daga gwamnati. Ƙuri'ar farko ta haɗewa ba ta samu rinjayen da ake buƙata ba, aka yi ta cacar baki mai zafi, sai a 2023 aka daidaita, Bury ta koma filinta a rukuni na 9. Ina kawo wannan ne don a san mulkin magoya baya ba shi da santsi. Akwai gaba, akwai jinkiri, akwai taron da ake tashi baram-baram. Duk da haka gwamnati fili ta taimaka aka saya, ba ta naɗa shugaba ba, ba ta zaɓi koci ba.

To mu waiwayi gida. Mu ma muna da ƙungiyoyin da suka yi suna suka dusashe, kuma kusan dukkansu cuta ɗaya ce ta kama su. Mighty Jets ta Jos ce ta ci gasar ƙasa ta farko a 1972. Raccah Rovers ta Kano ta ci a 1978. BCC Lions ta Gboko ta ɗauko kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1990, tana jingine da kamfanin siminti. Abiola Babes da Leventis United sun rikita ƙasar nan a shekarun 1980, masu su suka janye hannu, aka wayi gari babu su. Ko dai mutum ɗaya ne ke ɗauke da ƙungiya, ko kamfani ɗaya. Ranar da mai ita ya gaji, ko kasuwa ta juya masa baya, ko ya riga mu gidan gaskiya, sai dubban mutanen da suka yi shekaru suna cika fili su tarar ba su da ko takarda ɗaya da ta ba su ikon cewa uffan.

Kaduna ta fi ba ni tausayi a wannan lissafi. Garin da ke da filin Ahmadu Bello, garin da Ranchers Bees ta fito ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988, inda CA Bizertin ta Tunisiya ta doke ta da ƙyar, Ranchers ɗin ta kuma ci kofin Yammacin Afirka a 1989, ƙungiyar da Daniel Amokachi ya taso a cikinta kafin ya wuce Beljiyam. Bayan Ranchers ta yi sanyi, Kaduna United ta gwamnati ta ci Kofin Ƙalubale a 2010, shekara huɗu bayan nan ta faɗa ƙaramin rukuni. Sai Kada City, ita ma ta Kaduna, ta hauro Firimiya. A 2019 gurbinta ya koma hannun Delta Force ta jihar Delta, ba a daɗe ba kuma gurbin nan dai ya sake komawa hannun Kwara United. Gurbi ɗaya, jihohi uku. Abin da aka yi wa Wimbledon sau ɗaya har yau Ingila ba ta daina jin kunyarsa ba, mu kuwa ya zama ciniki na yau da kullum, ana yinsa a ofis a sanar a jarida. Wanda ya sayi gurbi yana murnar ƙwallo ta dawo garinsu, ya manta cewa daga bakin wani garin aka fizgo ta, kuma gobe mai kuɗin da ya fi shi zai fizge daga nasa. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Na ji daɗi da na ga Umar Sadiq, ɗan wasan Super Eagles haifaffen Kaduna, ya sa dukiyarsa don a farfaɗo da Ranchers Bees. Allah ya saka masa da alheri, ya yi abin da manya da yawa suka kasa. Fargabata ɗaya ce: kada nauyin ya tsaya a wuyansa da na abokan tafiyarsa kaɗai, domin hanyar da ta kai Ranchers ta farko ƙasa ke nan. Ɗan wasa yana da ranar ajiye takalmi.

Ƙungiyar gwamnati kuwa, wadda ita ce akasarin abin da ke Firimiyarmu, tana rayuwa ne da yanayin fuskar wanda ke kan kujera. In yana son ƙwallo a sha daɗi, in ba ya so a yi ta bin bashin albashi da alawus, a rushe shugabanni a naɗa na kusa. Dubi Kano Pillars. Ta ci gasa a 2008, ta jera 2012 da 2013 da 2014, ta faɗi a 2022, ta dawo a 2023 da ƙafarta, kuma a duk wannan hawa da sauka masu cewa "Sai Masu Gida" ba su gudu ba. Irin wannan jama'a ƙungiyoyi da yawa a Turai za su so su samu. Amma a cikin masu cika filin Sani Abacha, wa ke da ƙuri'a a kan wanda zai shugabanci ƙungiyar? Wa ya taɓa ganin lissafin kuɗin ƙofa? A Jamus doka ce ta gasar, wadda suke kira 50+1, cewa membobi ne za su riƙe rinjayen ƙuri'a, in ban da 'yan ƙungiyoyi ƙalilan. Bayern Munich da Dortmund duk a kan haka suke, kuma bai hana su cin kofi ba.

Na san amsar da za a ba ni, domin an sha ba ni ita: Bature yana da rarar kuɗi, namu mutanen na fama da abin sawa a baka, ga ƙasar da faɗi, tafiya wasa daga Maiduguri zuwa Fatakwal kaɗai ta isa ta karya ƙaramar ƙungiya. Gaskiya ne, ban raina wannan ba. Sai dai mutanen nan da ake cewa ba su da shi, su ne ke biya a gidajen kallo duk ƙarshen mako don Arsenal da Madrid, ba fashi. Kuɗin yana fita, inda za a zuba shi da aminci ne babu. Kuma ba wanda ya ce a fara da Firimiya. Tsani yana nan a ƙasarmu: gasar jiha, sai NLO (rukuni na uku), sai NNL (rukuni na biyu), sannan NPFL, wato Firimiyarmu. A matakan ƙasa wasannin na shiyya ne, tafiyar ba ta da nisa, kuɗin da ake buƙata ba ya fin ƙarfin 'yan kasuwar gari da ma'aikata da matasa in sun haɗa hannu. Abin da ke da wuya shi ne haƙurin shekara bakwai ko goma ana wasa a filin ƙura ba kyamara, ga kuma alkalanci da tsaron fili da sai an gyara su kafin mutum ya yarda cewa guminsa zai kai shi sama. Wanda ya sayi gurbi, wannan haƙurin yake gudu, alhali a cikin shekarun nan ne yaro ke fara bin babansa fili har ƙungiyar ta shiga jininsa.

Bayan Bury, Ingila ta yi bincike ƙarƙashin 'yar majalisa Tracey Crouch a 2021, a 2025 kuma aka kafa dokar da ta samar da hukuma mai zaman kanta ta sa ido kan ƙungiyoyi. Yanzu ba a sayar da fili ko a ƙaura daga cikinsa sai da izininta, ba a kuma taɓa tambari ko launin riga sai an ji ta bakin magoya baya. Hukumar ƙwallon Najeriya, NFF, da NPFL ba sa buƙatar majalisa kafin su yi kwatankwacin wannan. Layi ɗaya ya isa a cikin ƙa'idar gasa: gurbi ba ya barin garin da aka ci shi, in mai ƙungiya ya gaza a fara tayin ga mutanen garin, in ba su iya ba gurbin ya koma ga ƙungiyar da ke biye a teburin NNL. Gwamnan da ke son a tuna da shi kuma ya gyara fili, ya ba ƙungiyar gari hayarsa ta shekara 25 a rubuce yadda wanda zai gaje shi ba zai iya sokewa ba.

Mu da ke zaune a waje ba mu da bakin zargin kowa in har gudummawarmu ta tsaya a sharhi. Dons Trust tana da membobi a ƙasashen waje waɗanda ba su taɓa ganin Plough Lane ba, suna biya ta intanet suna jefa ƙuri'a ta intanet. Ranar da mutanen Kaduna ko Jos ko Gboko suka yi wa ƙungiyar magoya baya rajista, da kundin tsari, da asusun banki mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, da lissafin da ake karantawa a bainar jama'a duk ƙarshen kaka, zan yanki kati in biya kuɗin shekara, kuma na san da yawa a nan da za su yi haka. Sharaɗina shi ne ƙuri'ata ta zama ɗaya tak, daidai da ta ɗan acaɓan da ke zuwa fili kowane mako, ko da abin da na biya ya ninka nasa.