Kompaila ba ta san gaibu ba

Jama'a, akwai abin da ke damuna game da yadda muke koyar da masu tasowa a harkar rubuta manhaja. Muna ce musu su kunna -O3, wato zaɓin ƙara wa manhaja sauri, a GCC, kompailar da ke juya abin da suka rubuta zuwa umarnan da kwamfuta ke ganewa, shi ke nan manhaja za ta yi gudu. Wani lokaci ta yi, wani lokaci kuma ta ƙara nauyi, kuma ba mai gaya musu dalili.

Furosesar zamani, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana iya aiwatar da umarni 4 ko fiye a bugu ɗaya na agogon da ke cikinta, matuƙar ba wanda ke jiran sakamakon ɗan'uwansa. To wa zai zaƙulo umarnan da ba su dogara da juna ba? Intel da HP sun ɗora wa kompaila wannan kaya a furosesar Itanium, wadda ta fito a 2001, inda ake ɗaure umarni uku-uku tun kafin manhaja ta fara aiki. Sai dai kompaila ba ta da yadda za ta san ko bayanin da aka nema yana ma'ajiyar kusa da ke cikin furosesa, inda bugu 4 ko 5 ya isa, ko sai an je babbar memori a yi jiran ɗaruruwan bugu. Ita kuwa furosesa mai sauya jerin umarni da kanta, dabarar da Robert Tomasulo ya fito da ita a IBM a 1967, tana ganin jinkirin a lokacin da ya auku, sai ta kama wani aiki kafin bayanin ya iso. A 2021 Intel ta daina fitar da Itanium.

Wannan ba ya nufin kompaila ba ta da amfani. A ganina, inda take taka rawar gaske shi ne wajen tsinka sarƙar umarnan da ke jiran juna. Ɗauki madauki, wato umarnan da ake ta maimaitawa, wanda ke tara lambobi miliyan masu ɗigo cikin jimla ɗaya. Kowane tarawa sai ya jira na gabansa, bugu 4 a furosesar Skylake ta Intel, alhali furosesar na iya fara biyu a kowane bugu. Ka raba aikin zuwa jimla 8, ka haɗa su a ƙarshe, sai kowane sashe na furosesar ya samu abin yi. Furosesa ba za ta iya wannan da kanta ba. Ita ma GCC ba za ta taɓa shi ba sai ka ba ta izini da zaɓi irin -ffast-math, domin sauya jerin tarawa na iya ɗan sauya amsa. Wallahi wannan ya kamata kowane ɗalibi ya gwada da hannunsa.

Warware madauki, wato jera zagaye da yawa a wuri ɗaya kamar yadda aka yi da jimla 8, shi ma yana da iyaka. Rajistocin gama-gari, wato ƙananan ma'ajiyoyin da furosesa ke lissafi da su, 16 ne a tsarin furosesa na x86-64, in suka cika sai a riƙa kai-komo da memori, riba ta koma asara. A kan furosesar Cortex-A53 kuwa, wadda ke bin umarni bi da bi, tsarin da kompaila ta yi ya fi tasiri sosai.

Shi ya sa duk wanda ya ce min -O3 ta fi -O2, matakin da ke ƙasa da ita, sauri, nakan tambaye shi a kan wace furosesa ya gwada, kuma umarni nawa manhajar awo ta perf stat ta nuna masa a kowane bugu.