Ƙoshi ba ya nufin jiki ya samu abin gini

Yaro na iya cin hatsi safe, rana da dare, cikinsa ya cika, amma ya tsumbure. Masana abinci sun daɗe da sanin dalili. Furotin da jiki ke ginuwa da shi haɗi ne na sinadaran amino guda 20, kuma 9 daga cikinsu jikin mutum ba ya iya haɗa su da kansa, dole sai ta abinci. Idan ɗaya ya yi ƙaranci, sauran ba sa cika gurbinsa. Kamar tulu ne mai huji a ciki: komai yawan ruwan da aka zuba, a bakin hujin zai tsaya. A alkama da shinkafa da dawa da masara, wannan hujin shi ne sinadarin amino da ake kira laisin. Masara kuma ta ƙara da ƙarancin wani amino, wato tiriftofan.

Tun 1914 Thomas Osborne da Lafayette Mendel suka nuna cewa zein, furotin da ya fi yawa a ƙwayar masara, ba ya raya ɓeraye sai an ƙara masa waɗannan biyun. Sai a 1964 aka ga mafita, lokacin da Edwin Mertz da Oliver Nelson da Lynn Bates na Jami'ar Purdue a Amurka suka gano cewa wata masara mai ɗauke da halin gado da ake kira opaque-2 tana da laisin mai yawa, domin zein ɗinta ya ragu, furotin mai inganci ya ƙaru. An yi ta murna, amma ba ta daɗe ba. Ƙwayar ta fito da laushi kamar alli, ba nauyi, amfanin gona ya ragu, ƙwari da ruɓa suka samu wurin shiga. Manoma suka ƙi ta, kuma da gaskiyarsu.

Aikin da ya fi burge ni shi ne wanda ya biyo baya a CIMMYT, cibiyar binciken masara da alkama da ke Meziko. Surinder Vasal, masanin haɗa iri ɗan Indiya, da Evangelina Villegas, masaniyar sinadarai 'yar Meziko, sun shafe shekaru suna zaɓen ƙwaya mai tauri wadda ba ta rasa laisin ɗinta ba. Shi yana gona, ita tana ɗakin gwaji tana auna samfuri bayan samfuri. Da haka aka samu masara mai ingantaccen furotin, wadda laisin da tiriftofan ɗinta suka kusan ninka na masarar da aka saba. Ghana ta fitar da wani irinta mai suna Obatanpa a 1992, ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama. A 2000 su biyun suka karɓi kyautar abinci ta duniya, Villegas ce mace ta farko da ta samu. Wani nazari na 2010 da ya tattara gwaje-gwaje a kan ƙananan yara masu ƙarancin abinci ya nuna cewa a yaran da suka ci wannan masara maimakon wadda aka saba, saurin ƙaruwar nauyi ya haura da kashi 12 cikin ɗari, na tsayi da kashi 9.

To me ya hana wannan masara mamaye gonaki? A ganina kimiyya ta sauke nata nauyin, tsarin iri da kasuwa ne suka gaza. Ingancin ba ya ganuwa da ido, don haka mai saye ba zai ƙara ko kaɗan a kan farashi ba, manomi kuwa ba zai wahala a kan abin da ba a biyansa ba. Sannan halin opaque-2 sai an gaje shi ta ɓangaren uwa da na uba yake bayyana. Iska ta kwaso garin furen masarar maƙwabci ta zuba, ƙwayar da ya taɓa ta koma gidan jiya. Manomin da ke ajiye iri daga girbinsa yana iya rasa ingancin cikin 'yan damuna bai sani ba.

Akwai masu cewa a bar hatsi yadda yake, a haɗa shi da wake ko madara ko ƙwai. Maganarsu daidai ce, wake na da laisin ɗin da hatsi ya rasa. Sai dai gidan da talauci ya kai shi ga cin hatsi zalla shi ne gidan da ba ya iya sayen waɗannan, kuma yaran gidan ne ake magana a kansu. Abin da ke ci mini rai shi ne masu haɗa abincin kaji sun san wannan lissafi sarai: suna auna laisin na masana'anta su zuba a abincin tsaki don ya girma da wuri. Yaron da aka yaye bai samu wannan kulawa ba.

Don haka a daina ɗaukar ingancin furotin a matsayin wani iri na musamman da za a roƙi manomi ya karɓa. Cibiyoyin bincike su saka halin cikin irin da ya riga ya fi yabanya da jure fari, wanda manomi zai nema don kansa. Gwajin ƙwayoyin gado na yau ya sa bin sawun halin ya fi sauƙi a kan zamanin Villegas. Hukumomin da ke ba sabon iri izini su riƙa auna laisin kamar yadda suke auna yawan amfani, shirye-shiryen ciyar da ɗalibai kuma su sayi irin wannan hatsi da farashi mai ɗan fifiko, a ƙauyukan da aka shuka shi gona kusa da gona.